Hikma ta Dandaji: Aikin da Ya Kamata Masu Gyaran Makarantunmu Su Duba

A shekarar 2018 aka kammala wani aikin gini a Dandaji, garin Hausawa mai mutane kimanin 3,000 a yankin Illela ta jihar Tawa, a Jamhuriyar Nijar. Sunan aikin Hikma. Tsohon masallacin Juma'a na garin, ginin ƙasa da ya fara zaizayewa kuma ya yi wa masallata kaɗan, shi aka gyara aka mayar da shi ɗakin karatu, aka ƙara masa azuzuwa. A gabansa kuma aka tayar da sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000. Mata biyu ne suka zana aikin: Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar da ta buɗe ofishinta na zanen gine-gine a Yamai a 2014, da Yasaman Esmaili, 'yar ƙasar Iran. Tun kafin a gama shi ya ci lambar zinare ta gasar zanen gine-gine ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, sannan ya ci ta azurfa a matakin duniya a 2018.

Hikma ba makarantar firamare ba ce, ba kuma sakandare ba ce. Amma matsalar da ta warware ita ce wadda ke gaban kowane hedimasta da kowane kwamitin makaranta a ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa har nan Sule Tankarkar: ga tsohon gini ya gaji, ga yara sun yi yawa, ga kuɗi ba su taka kara sun karya ba. Me za a rushe, me za a bari, me za a ƙara? Amsar da aka bayar a Dandaji ta fi wadda muka saba ji hankali, shi ya sa ta cancanci a zauna a dube ta da kyau.

Babban abin yabo a aikin nan shi ne abin da aka ƙi yi. Shirin farko na garin shi ne a rushe tsohon masallacin a gina babba a gurbinsa, kamar yadda ake yi a ko'ina. Sai dai masallacin ba na banza ba ne. Aikin Alhaji Falke Barmu ne, magini na ƙasar Tawa wanda ya fara gina masallacin Yama a 1962, ya ci gaba da ƙawata shi shekara da shekaru har ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Da an kawo katafila an ture shi, da a yini guda an share abin da babu mai iya maimaitawa. Masu zanen sun shawo kan jama'a cewa ginin ba ya bukatar mutuwa, sabon aiki yake bukata. A garin akwai ƙaramar sakandare da yaran ƙauyuka biyar na kewaye ke zuwa, kuma ba su da wurin zama su yi bitar karatu. Akwai manya, musamman mata, da ba su sami damar shiga aji ba. Tsohon ginin da ya kasa ɗaukar sahun Juma'a ya ishe su har da saura. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan an yi maganin.

Wanda ya duba cikin ɗakin karatun zai ga yadda aka bi da tsohon gini cikin ladabi. Ginshiƙan ƙasa masu kauri suna nan inda Falke Barmu ya kafa su, bakunan da ke haɗa su suna nan, da ɗan karkacewar da hannu ke bari a jikin laka. Ba a bi su da filasta an miƙar da su ba. Abin da aka shigo da shi sabo, wato kantocin littattafai da teburan karatu da wani ɗan bene na katako da ƙarfe da aka rataya a tsakiyar tsayin ɗakin, an yi shi siriri, ba ya ƙoƙarin yin kama da ƙasa, ba ya kuma danne ta. Kantocin su ne suka zama shinge, suka yanka babban fili zuwa ƙananan lunguna, inda yaro ɗaya zai keɓe da littafinsa ko 'yan aji su zauna su huɗu su biyar. Ɗan benen nan dabara ce da ya kamata a lura da ita: an ƙara wurin zama ba tare da an haƙa sabon tushe ko an fasa bango ba. Tsayin da masallaci ke da shi saboda girmamawa, shi aka mayar wurin zaman ɗalibai. Wannan faɗaɗawa ce ta mai tunani, wanda ya fara tambayar abin da ke hannunsa kafin ya tambayi abin da za a sayo.

Sabon masallacin shi ne inda aka nuna cewa ginin ƙasa bai tsaya a zamanin kakanni ba. Ba da tubalin hannu aka yi shi ba, da bulon jar ƙasa ne wanda inji ke matsewa. Wanda bai taɓa ganin yadda ake buga irin wannan bulo ba zai yi mamakin sauƙinsa. Ana haƙo jar ƙasa a tankaɗe ta a fitar da tsakuwa, a zuba mata siminti ɗan kaɗan, a yayyafa ruwa daidai yadda idan ka dunƙule ta a tafin hannu za ta riƙe siffarta ba ta jiƙa maka hannu ba. Sai a cika akwatin injin, a danna, bulo ya fito da kaifin baki kamar an yanka shi da wuƙa. A jera shi a inuwa, a lulluɓe, a bar shi ya yi makonni yana ƙarfi. Babu ƙonawa, saboda haka babu itacen da aka sare dominsa. A Dandaji mafi yawan kayan aikin an samo su ne a cikin tazarar da ba ta kai kilomita 5 ba daga wurin ginin, kankare kuma an taƙaita shi ga wuraren da ke ɗaukar nauyi, kamar ginshiƙai da linta. Kuɗin da da sun tafi ga buhunan siminti da hayar tirela sun tsaya a hannun masu haƙa, masu tankaɗe da masu jera bulo.

Amfanin wannan zaɓi ba a takarda yake ba, a jiki ake jin sa. Duk wanda ya yi karatu ko ya koyar a yankinmu ya san ajin bulon siminti mai rufin kwano a watan Afrilu. Da hantsi ya ɗaga kwano zai fara ƙara yana miƙewa, silin idan akwai shi ya riga ya ɓule, zafi na saukowa kai tsaye a kan yara. Kafin azahar rabin aji na fifita da littafin rubutu, sauran sun kifa kai a kan benci, malam kuma ya haƙura ya kwashe su zuwa gindin darbejiya. Bangon ƙasa mai kauri ba haka yake ba. Yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa sai dare ya yi, lokacin da babu kowa a ciki. Idan aka haɗa shi da rufi mai tsayi da ƙofofin da iska ke ratsawa, ɗaki zai zauna da sanyinsa ba fanka ba na'urar sanyaya ɗaki. A kan wannan aka gina Hikma, kuma a garin da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, babu wata hikima da ta wuce ta.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda aka ɗauki magina. An nemo waɗanda suka yi aikin tsohon masallacin tun farko aka sa su cikin ayarin masu gyaransa. Su suka san inda bangon ke da rauni da irin ƙasar da ya karɓa. Su kuma a nasu ɓangaren suka koyi sababbin hanyoyin ƙarfafa laka da kare ta daga zaizayar ruwa. A sabon masallacin, ƙananan tulluwar da ke rufin, waɗanda ke jere tsakanin ginshiƙai masu tsayi, fasahar maginan ƙasar ce aka sake yi da sabon bulo. A ƙasar da ta haifi Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, a ƙasar da kowane babban gari ke da Sarkin Magina, abin takaici ne yadda muka mayar da magini ɗan leburan ɗan kwangila, aka daina tambayarsa komai sai ya kwaɓa ya ɗora. Dandaji ta mayar masa da matsayinsa na mai ilimi. Kuma idan aka gama aiki injiniyoyi suka koma birni, wanda zai lura da ginin yana nan cikin gari, ya san shi ciki da waje.

Tsakanin gine-ginen biyu akwai fili, kuma filin ma an zana shi, ba ragowar wuri ba ne. An dasa itatuwa, an yi musu ban ruwa na ɗigo daga wani tanki da ke ƙarƙashin ƙasa mai tara ruwan damina. Hanyar da ta fito daga ƙofar masallaci ita ce ke kaiwa ƙofar ɗakin karatu, don haka mai zuwa salla sau biyar a yini yana wucewa ta gaban littattafai, yaron da ke karatu kuma yana jin kiran salla ya tashi ya taka 'yan taku. Matan da a da suke salla a gida sun sami wurinsu a sabon masallacin, sun kuma sami azuzuwan yaƙi da jahilci da wurin taro a tsohon. Masu zanen sun ce sun ɗauki tunanin ne daga Baitul Hikma ta Bagadaza a zamanin Abbasiyawa, inda malamai suka haɗa ilimin addini da lissafi da likitanci da ilimin taurari. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Gobarau ta Katsina da Sankore ta Tumbuktu masallatai ne da suka zama makarantu. A yankin da har yanzu wasu iyaye ke ganin allo da boko kamar kishiyoyi, ginin da ya zaunar da su a haraba ɗaya ya yi wa'azin da ya fi na baki shiga.

Duk da haka akwai wuraren da aikin ya bar ƙofar tambaya, kuma faɗin su ba rage masa daraja ba ne.

Na farko, ma'auni. Sabon masallacin da doguwar hasumiyarsa ya fi tsohon ginin girma nesa ba kusa ba, kuma shi ido ke fara kamawa. Aikin da ya ce yana so ya daidaita ibada da karatu ya ba ɗaya sabon gini mai faɗi, ya ba ɗayan abin da aka gada. Akwai hujja, tunda sahun Juma'a ya fi masu karatu yawa. Amma garin da yawancin mutanensa yara ne, kuma ɗalibansa ke ƙaruwa kowace shekara, zai wayi gari ɗakin karatun ya yi masa kaɗan, kuma da an bar masa sarari bayyananne na ƙari da ya fi.

Na biyu, mayar da masallaci wani abu daban magana ce ta malamai kafin ta zama ta masu zane. A mazhabar Malikiyya da muke bi, hukuncin abin da aka yi wakafinsa a matsayin masallaci yana da tsauri. Duk garin da ya ga Dandaji ya yi sha'awa, sai ya fara zama da malamansa. Darasin da za a ɗauka ba wai a riƙa mayar da masallatai ɗakunan karatu ba ne. Darasin shi ne kada a yi gaggawar yanke wa tsohon gini hukuncin kisa.

Na uku, kuma mafi nauyi, ginin ƙasa amana ce ta kowace shekara. Yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin ruwa ya sauka, yana son a kori gara, yana son a hana ruwa kwanciya a gindinsa. Ranar da aka daina, ranar ya fara mutuwa. Abin da ya faru a Zariya a watan Agustan 2023, lokacin da wani ɓangare na tsohon masallacin Juma'a ya rufta a kan masallata aka rasa rayuka, ya isa gargaɗi ga duk mai son tsohon gini: so ba ya maye gurbin bincike. Kafin a zuba yara a ƙarƙashin tsohon rufi, wajibi ne wanda ya san aikin ya hau ya duba azara ɗaya bayan ɗaya. Lambobin yabo ba sa yin yaɓe, kuma ɗakin karatu ba ya rayuwa sai da littattafai da ma'aikacin da zai buɗe shi kullum. Waɗannan ba zane ke samar da su ba.

Na huɗu, Dandaji gari ne mai gata. Shi ne mahaifar Mahamadou Issoufou, wanda ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021, kuma aikin ya sami ƙwararrun da suka yi karatu a Amurka suka ba shi shekaru. Ƙaramar firamare a ƙauyen Sule Tankarkar ba ta da wannan. Abin da take da shi shi ne dogon hutu na 'yan makonni, da ɗan abin da ya zo daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da abin da iyaye suka tara.

To me za ta ɗauka? Abu na farko shi ne lissafin lokaci. Dogon hutunmu yana faɗawa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi kuma kowane mai ƙarfi yana gona. Kakanninmu ba su taɓa yin ginin ƙasa a wannan lokaci ba. Da rani suke gini, bayan an kai amfani gida. Wanda ya jira sai an ba da hutu sannan ya fara neman ƙasa da magini ya makara. Aikin hutu ana fara shi ne tun sanyi: a zagaya makaranta da magini da kafinta a rubuta abin da kowane aji ke bukata, a buga bulo da rani ya bushe a tsanake, a tayar da bango a rufe shi kafin ruwan farko. Makonnin hutu a bar su ga abin da ba ya yiwuwa yara na ciki, wato daɓe, silin, tagogi, ƙofofi, allo, gyaran benci. Dashen itatuwa kuwa babu lokacin da ya fi hutun dacewa da shi, tunda sama ce za ta yi ban ruwan.

Abu na biyu shi ne ƙasa. Yankinmu jigawa ne, yashi ya fi yawa, kuma yashi zalla ba ya yin bulo. Sai an nemo inda jar ƙasa ko birji yake, an gwada, an san adadin yumɓun da ke ciki. Gwajin ba ya bukatar ɗakin bincike: a zuba ƙasa a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana; yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa, kowa ya ga rabonsu da idonsa. Tsofaffin magina sun san kududdufan da aka ɗebi ƙasar gina gari, kuma a tambaye su ya fi a yi ta kame-kame.

Abu na uku shi ne rufi, wanda shi ne ciwon makarantunmu, domin iskar farkon damina ita ke yaye kwano kowace shekara. A nan akwai wani aiki da ya kamata a ajiye kusa da na Dandaji. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina firamare da bulon ƙasa a 2001, da hannun mutanen ƙauyen, ya yi wa azuzuwan rufin ciki na bulo, sannan ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, ya bar sarari a tsakani, ya kuma zarce da bakin kwanon waje sosai. Iska na ratsa tsakaninsu ta kwashe zafi, kwanon na kare bango daga ruwa da rana. Makarantar ta ci lambar Aga Khan a 2004, yara suka yi yawa har aka ƙara mata azuzuwa bayan 'yan shekaru, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker ta zanen gine-gine a 2022. Duk mai walda a Gumel ko Maigatari zai iya haɗa irin waɗannan ƙarafa idan an nuna masa, sai dai a tabbatar an ɗaure su cikin ginshiƙi da kyau saboda guguwa.

Abu na huɗu shi ne wanda ke riƙe da aikin. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda aka ƙarfafa a Jigawa a zamanin shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN, an kafa su ne domin irin wannan. Idan kwamiti ya zauna da mai unguwa da liman da iyaye mata da maginin gari, aka amince a kan abin da za a gyara da abin da za a ƙara, aikin ya zama nasu. Wanda ya ɗauki ƙasa a ka ya kai wurin gini ba zai ga tsaga a bango ya wuce ba.

Hukuncina a kan Hikma shi ne aiki ne na ƙwarai, mai kyau a ido, mai sanyi a jiki, mai mutunta wanda ya riga shi. Raunin da ke tare da shi irin na duk ginin ƙasa ne da duk ɗakin karatu, wato dogaro da kulawar mutane bayan an tashi daga bikin buɗewa. Abin da ya fi ba mu ba siffar bangonsa ba ce, tsarin tambayoyinsa ne: me ke tsaye da zai iya ci gaba da aiki, wa ya gina shi, me ƙasar wurin za ta iya bayarwa, wa zai kula da shi bayan shekara goma. Ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jigawa da sashen ilimi na ƙananan hukumominmu huɗu na ƙasar Gumel da su gwada wannan hanya a makaranta ɗaya tak: aji biyu na bulon ƙasa da ɗagaggen rufi, kusa da tsofaffin da aka gyara maimakon rushewa. A sa ma'aunin zafi a ciki a watan Afrilu, a rubuta abin da aka kashe, a kwatanta da ajin siminti na kusa. Idan sakamakon ya nuna abin da Dandaji da Gando suka nuna, sauran makarantu ba za su bukaci a roƙe su ba.